Keken Bahago



Shekara 19 ke nan ina riƙe wa dattijon unguwarmu littafi a nan Kumasi. Aikina shi ne in zauna a gefen tabarmarsa in rubuta wanda ya kawo ƙara, da wanda aka kawo, da abin da aka yanke. Na rubuta rigimar gado, na rubuta ta magudanar ruwa tsakanin maƙwabta, har ta akuyar da ta ci shanyar wata tsohuwa na rubuta. A duk tsawon wannan lokaci sau ɗaya tak alƙalami ya yi mini nauyi, ranar da aka ce in rubuta sunan ɗana a layin waɗanda ake ƙara. Ba zan kawo sunansa a nan ba, domin ɗan farina ne, kun kuwa san al'adarmu. Abin da ya kai shi gaban dattijo keke ne.

Kafin in faɗi abin da ya faru, bari in kwatanta muku keken, domin da yawa daga cikin tsararrakina ba su taɓa ganin irinsa ba. Mu da muka tashi da Raleigh da Phoenix mun san cewa in ka gaji da tuƙi sai ka tsayar da ƙafa, keke ya ci gaba da tafiya yana ƙara tik-tik-tik daga baya. Wannan ƙarar ta wasu ƙananan harsunan ƙarfe ce da ke cikin giyar baya. In ka taka feda sai su kama, in ka saki sai su zame, taya ya yi ta juyawa shi kaɗai. To keken ɗana ba shi da waɗannan harsuna. Ƙaramin faifai mai haƙora da sarƙa ke hawa a baya kafe yake da cibiyar taya. Muddin taya na juyawa, feda na juyawa, ƙafarka kuma dole ta bi. In ka taka baya, keken baya zai yi. In kana son rage gudu sai ka tauye fedar da ƙarfin cinyarka. Samari suna kiransa fiksi, wasunsu kuma suna cire birki gaba ɗaya, wai ƙafa ta wadatar.

Na ɗauka sabon yayi ne, ashe tsohon abu ne ya dawo. Lokacin da John Kemp Starley ya fito da keken Rover a birnin Coventry na Ingila a 1885, wanda shi ne kakan kekunan da muke hawa yau, haka kekuna suke, giyarsu a kafe. Sai a ƙarshen wancan ƙarni giya mai barin ƙafa ta huta ta bazu. Har yanzu masu tsere a cikin filin tseren keke da kafaffen giya suke yi, kuma ba birki.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya sa ake tsayawa ana kallon keken ɗana shi ne sarƙarsa tana hagu. Ka duba kowane keke a Aboabo ko Asawase, ka je Kejetia ka duba na 'yan dako, za ka tarar sarƙa tana dama. Shi kuwa ya sayi gangar jikin wani keken gwanjo, ya kwance ƙafafun feda ya musanya su, ya juya tayar baya, sai ga babban faifai da sarƙa sun koma hagu. Ya kuwa yi kyau a ido, ban musa ba. Amma da na fara ganinsa a tsakar gida sai na ji raina ya ɓaci, ban ma san dalili ba. Na ce a zuciyata, yaron nan komai nasa sai ya bambanta da na mutane.

Wata safiyar Asabar yana saukowa daga gangaren da ke bayan masallacinmu, sai fedar ƙafarsa ta dama ta kwance ta faɗi. A keke irin namu da sai ya matsa birki ya tsaya. Shi kuwa birkinsa ƙafafunsa ne, ga ɗaya ta rasa matakinta, ga ƙarfen feda yana ta juyawa yana dukan ƙwaurinsa. Bai tsaya ko'ina ba sai a teburin wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai a bakin kwana. Tukunya ta kife, koko mai zafi ya zuba wa jikarta 'yar shekara 6 a ƙafa. Allah ya taƙaita, ƙunar ba ta yi zurfi ba, amma yarinyar ta yi mako biyu ba ta je makaranta ba, jarin ranar kuma ya bi ƙasa.

Washegari bayan la'asar aka taru a zauren dattijo. Aka jingina keken a bango. Ni kuma na buɗe littafi na rubuta sunan, hannuna yana rawa. Hajiya mai koko ta faɗi nata cikin natsuwa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Sai dai mutanen da suka cika zauren ba su tsaya a kan tukunya da ƙafar yarinya ba. Wani ya ce tun ranar da ya ga sarƙa a hagu ya san ba alheri a ciki. Wani ya ce abin da duk duniya ta ajiye a dama, wanda ya mayar da shi hagu neman fitina yake. Wani daga baya ya ce, ai bahago ne, me kuke jira? Aka yi dariya kaɗan. Ban ɗaga kai ba, domin abin da suke faɗa a fili shi nake faɗa a zuci tun ranar da na ga keken.

Dattijo bai ce komai ba sai da hayaniya ta lafa. Sannan ya aika aka kira wani tsohon mai gyaran keke da ke da rumfa a bakin titi, mutumin da ya koyi aikin ƙarfe a Suame Magazine tun muna yara. Da ya zo ya gaisa, dattijo ya ce masa, "Mu dai mun ga sarƙa a hagu, mun kuma ga an yi ɓarna. Kai ne mai sana'a. Gaya mana, hagun ce ta jawo, ko wani abu ne dabam?"

Tsohon ya tsuguna, ya karɓi fedar da ta faɗi, ya juya ta a hannu, ya nuna wa dattijo harafin L da aka buga a gindinta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga inda maganar take. Kowane noti da ka sani, in za ka ɗaure shi dama kake murɗawa, yadda hannun agogo ke tafiya. Fedar dama ma haka take. Amma fedar hagu akasin haka aka yi mata tiredi, wato zanen murɗin da ke jikin ƙarfen. Ita hagu ake murɗa ta ta ɗauru. Dalili kuwa, duk takun da mutum ya yi, sandar feda tana ɗan mirginawa a cikin raminta. Masu ƙira sun lura da haka, sai suka yi wa kowane gefe murɗin da wannan mirginawar za ta riƙa ƙara ɗaure shi. Yaron nan da ya musanya ƙafafun feda, sai ramin hagu ya koma dama, na dama ya koma hagu. Tun daga ranar duk takun da ya yi kwance su yake, bai sani ba. Yau wannan ta faɗi, da an ƙara mako guda ɗayar ma za ta bi ta."

Ya koma tayar baya ya sa yatsa a kan ƙaramin faifan. Ya ce shi ma murɗin dama gare shi, don in yana dama, taka feda ɗaure shi yake ƙara yi. Yanzu da aka juya shi hagu, taka feda kwance shi yake son yi, babu abin da ya riƙe shi sai wani siririn zobe da ake ɗaurawa a bayansa. Zoben an yi shi ne don ya tare faifan lokacin da mahayi ya tauye feda, ga shi yanzu an ɗora masa nauyin kowane taku.

Dattijo ya ce, "To me ya sa tun farko aka ajiye sarƙa a dama?"

Tsohon ya ce, "Abu biyu na sani, ranka ya daɗe. Na farko shi ne wannan murɗin. Yawancin abin da ake ƙerawa a duniya murɗin dama ne, giyar baya kuwa in tana dama ita ke ɗaure kanta, ba sai an yi mata ƙira ta musamman ba. Na biyu, ta ina kake hawa doki? Ta hagu. Keke ma ta hagu ake hawansa, ta hagu ake tura shi, jakinsa ma a hagu yake. In sarƙa tana dama, babbar rigarka ta tsira daga baƙin mai. Daga nan kuma sai kowane kamfani ya bi sahu, don kayan wannan su shiga na wancan. Ban san wani dalili da ya wuce waɗannan ba."

Na rubuta wannan bayani kalma bayan kalma, ina jin kunya tana kama ni. Shekara fiye da 40 ina hawa keke, na sha ɗaure feda da hannuna, na san ta hagu baya ake murɗa ta, amma ban taɓa tambayar dalili ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai dattijo ya dubi ɗana ya ce, "Kai kuma, yaro, me ya kai ka?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, a waya na gani. Ba ni na ƙirƙira ba." Ya ba da labarin abin da ya gani, ni kuma daga baya na bi diddigi na tarar gaskiya ya faɗa. A gasar Olamfik ta birnin Rio na ƙasar Burazil a 2016, matan Amurka masu tseren ƙungiya, su huɗu, Sarah Hammer da Kelly Catlin da Chloé Dygert da Jennifer Valente, sun hau kekunan da kamfanin Felt ya ƙera musu da sarƙa a hagu. Filin tseren kewaye ne mai tsawon mita 250, ana zagaya shi sau 16 a cika kilomita 4, kuma duk kwanar da za a sha ta hagu ce, babu ta dama ko ɗaya. Masu ƙirar suka ce a irin wannan fili iska ba ta bugun keke daga gaba sak, tana ɗan karkatowa ne ta gefe guda, don haka in aka mayar da sarƙa hagu keken zai fi ratsa iska, nauyinsa kuma zai koma ta cikin kwana. Haka kuma masu wasa da ƙananan kekunan BMX, waɗanda ke zamewa a kan ƙarfe ko gefen dakali da ɓangaren dama na keken, sukan sayi mai sarƙa a hagu don kada ta riƙa gogar dakalin tana lalacewa.

Tsohon mai gyara ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, waɗannan da ka faɗa kowannensu ya san abin da ya kai shi hagu. Kuma da suka tashi komawa, ba sarƙa kaɗai suka ɗauka ba. Sun sake ƙafar feda, sun sake cibiyar taya, komai an yi masa murɗin da ya dace da sabon wurinsa. Filinsu kuma babu mai koko a bakin kwana." Zaure ya ɗauki dariya, har da Hajiya.

Wani abin da ɗana bai faɗa ba a ranar, wanda na gano da kaina, shi ne matan Amurkan azurfa suka samu. Zinariya matan Birtaniya ne suka ɗauka, da sarƙarsu a dama, a cikin minti 4 da daƙiƙa 10 da 'yan kai, lokacin da babu wanda ya taɓa yin irinsa kafin ranar. Hagu ba ta kayar da Amurkawa ba, ba ta kuma ba su nasara ba. Ƙafafu da numfashi da haɗin kai su suka raba gardama.

Da dattijo ya tashi yanke magana sai ya fara da tarihi, kamar yadda ya saba. Ya ce yana saurayi motoci a ƙasar nan hannun hagu suke bi, gadon Ingilishi. Nijeriya ta koma dama a 1972, Gana ta bi a ranar 4 ga Agusta, 1974, saboda maƙwabtanmu duka, Togo da Kwaddibuwa da ƙasar da a lokacin ake kira Upper Volta, dama suke bi, direbobin goro da na shanu kuma kullum suna ƙetare iyaka. Ya ce an daɗe ana shiri kafin ranar, ana sake allunan hanya, ana faɗakarwa a rediyo. Ya ce, "Lokacin da muke bin hagu ba mu zama la'anannu ba, da muka koma dama kuma ba mu zama waliyyai ba. Hanya ce dai, aka duba maslaha aka sake mata hannu, aka kuma sake duk abin da ke rataye da ita."

Hukuncin da na rubuta a littafi kashi uku ne. Na farko, yaron zai biya kuɗin maganin yarinya da tukunya da jarin ranar, zai kuma je gida ya ba Hajiya haƙuri a gaban mahaifiyarsa. Na biyu, keken ba zai sake taka titin unguwa ba sai an sa masa birkin gaba mai ci, kuma wannan ya hau kan duk saurayin da ke da irinsa. Na uku, zancen gefen da sarƙa take ba na zaure ba ne. Mai keke ya ajiye ta inda ya ga dama, in dai tsohon mai gyara ya duba ya ce aikin ya yi. Wasu sun so a ce a mayar da ita dama. Dattijo ya ce sarƙa tsakanin mutum da kekensa take, birki kuwa haƙƙin mutanen da ke kan hanya ne, shi kuma haƙƙin mutane aka ba shi ya tsare.

A daren nan ban yi barci da wuri ba. Ɗana bahago aka haife shi. Tun yana rarrafe da hagu yake kai hannu. Na koya masa ci da dama, da karɓa da bayarwa da dama, da gaisuwa da dama, kamar yadda aka koya mana, ya kuwa riƙe har yau, ban yi nadamar wannan ba. Amma ban tsaya nan ba. Da ya fara rubutun allo na ga ya kama alƙalami da hagu, sai na ɗauki bulala. Ban je na tambayi malamaina ko hukuncin ya kai can ba. Tsoro nake kada a ce ɗan magatakarda bahago ne. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haka na riƙa faɗa wa mahaifiyarsa duk lokacin da ta ce in sassauta.

Sai a wannan dare na tuna wani abu da idona ya gani a lokacin amma hankalina ya ƙi ɗauka. Rubutunmu na allo daga dama yake tafiya zuwa hagu. Mai rubutu da hagu hannunsa yana gaba, a kan farin allo, ba ya taɓa ɗanyar tawada. Allon yaron nan kafin in sa masa hannu tas yake fita. Bayan na tilasta masa dama sai rubutun ya karkace, ya riƙa shafe tawada da gefen hannu, malam ya riƙa yi masa faɗa, shi kuma ya riƙa jan ƙafa in lokacin makaranta ya yi. Na ce lalaci ne. A hankali ya daina zama kusa da ni. Abin da tsohon mai gyara ya faɗa a kan feda ya dawo mini: na ɗauke abu daga inda aka halicce shi na mayar wani gefe, ban duba murɗinsa ba, ya yi ta kwancewa shekara da shekaru ina kallo.

Bayan sallar asuba na same shi a tsakar gida yana kwance tayar baya. Na tsaya a kansa na ce, "Nawa ne kayan da za su gyara shi daidai?"

Ya ɗaga kai yana mamaki ya ce, "Baba, mayar da ita dama zan yi. Ya fi sauƙi."

Na ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Ya yi shiru, sannan ya yi mini bayani. Akwai kekuna masu ɗaukar matuƙa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Sarƙar da ke haɗa su yawanci a hagu take, don haka ƙafar fedar matuƙin gaba tana da faifai a hagu, ramukan fedarta kuma kowanne da murɗin da ya dace. In an samu irinta a kayan gwanjo, matsalar feda ta ƙare. A baya kuma, tayar keken hawan dutse mai birkin faifai tana da ramuka 6 a gefen hagu na cibiyarta, inda ake ɗaure faifan birki. Akwai ƙaramin faifan sarƙa da ake ɗaurewa a waɗannan ramuka da kusoshi 6, babu murɗin da zai kwance ko an taka gaba ko an taka baya. Yana magana yana zana mini a ƙasa da tsinke, da hannun hagu, zanen kuwa ya fita sarai kamar na littafi. Rabon da ya yi mini doguwar magana irin wannan har na manta.

Sai da aka yi kusan wata biyu kafin a samu ƙafar fedar. Ni na biya rabi, shi ya biya rabi daga abin da yake samu a rumfar tsohon, domin tun bayan shari'ar tsohon ya ce yaron yana da hannu, ya zo ya zauna wurinsa ya koyi dalilin kowane noti. Ranar da aka gama, tsohon ya hau da kansa ya zagaya, ya matsa birki a gaban teburin Hajiya, keken ya tsaya cak. Ta ce saura ya biya kuɗin ƙosan da ya tsorata.

Ban ce masa ya yafe mini da baki ba, mu iyaye harshenmu yana da nauyi a nan. Amma ranar da dattijo ya ce a sake kwafe tsohon littafin ƙararraki saboda takardunsa sun fara ruɓewa, na kira shi na miƙa masa alƙalami. Ya karɓa da dama, kamar yadda na koya masa. Ya tsaya yana dubana. Na ce, "Rubuta da wanda ka fi iyawa."

'Yan'uwa, mu mutanen Zango baƙi ne da suka zama 'yan gida, kuma abin da ya riƙe mu tsawon zamani shi ne riƙon al'ada. Saboda haka muke da saurin tsorata in muka ga yaro ya sauya wa wani abu wuri. Shawarata ga iyaye irina, in ka ga haka, kafin ka ɗaga murya ka nemi mai sani ya gaya maka dalilin da ya sa aka ajiye abin a inda yake. Wani za ka tarar umarni ne da ba a taɓawa, wani haƙƙin maƙwabci ne, wani kuwa sabo ne kawai da sauƙin ƙira. Ku kuma samari masu fiksi, ku ajiye sarƙa inda kuke so, amma ku san murɗin fedarku, ku kuma sa birki, domin 'ya'yan mutane suna bakin hanya.

Keken yana nan jingine a zaurenmu, sarƙarsa a hagu. Jikar Hajiya ta warke, har takan zo ta ce a ɗora ta a kai. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu haƙurin tambaya kafin hukunci. Wassalamu alaikum.